Gatari, Zarto Da Akori-Kura: Dajin Yerwa Na Ƙara Nisa

Duk Bahaushen da ya ji an ce Dala, nan da nan zuciyarsa takan tafi ga dutsen nan na tsakiyar birnin Kano. To, akwai wata Dala a Maiduguri, wadda ba ta da dutse ko tudu na a zo a gani. Unguwa ce shimfiɗaɗɗiya a gefen yammacin gari, wajen Bulumkutu, inda gine-gine ke ƙarewa fili ya soma. Ta kasu kashi-kashi, akwai Dala Alamderi, akwai kuma Dala Lawanti wadda mazaɓa ce a cikin Ƙaramar Hukumar Jere. Tun sa'ad da rikicin Boko Haram ya tsananta, wannan gefe na gari ya cika da bayin Allah da suka baro garuruwansu da gonakinsu da dabbobinsu, kuma da yawa daga cikinsu ba su sami wata sana'a da za su riƙe iyali da ita ba sai saran itace.

Wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin gari zai ga abin da ake nufi. Da an idar da sallar asuba, magidanta da samari sukan fito da gatura a kafaɗa, da jarkar ruwa, da ɗan guzurin da ba zai ƙosar da yaro ba. Masu ɗan hali su yi karo-karo su ɗauki shatar tsohuwar akori-kura, marasa hali su tura amalanke, mata da yara kuwa su tafi a ƙasa su komo da dami a ka. Da la'asar sakaliya motocin su dawo a karkace saboda nauyin lodi, a sauke, a faskara, a kasa, kafin magariba hayaƙi ya tashi a gidaje da gidajen burodi da wajen masu tsire. Abin da wannan fili zai duba a wannan mako shi ne dalilin da ya sa kowace shekara tafiyar nan take ƙara tsawo, da kuma rawar da injuna da motocin shiga daji suke takawa a cikin al'amarin.

YADDA YERWA TA SAMI INUWA

Baƙon da ya fara shiga Maiduguri, abin da kan fara ɗaukar hankalinsa shi ne itatuwan dogon yaro da suka yi layi a bakin tituna, waɗanda Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma su ce maina. Da yawan matasa suna zaton haka Allah Ya halicci garin da su. Alhali kuwa a shekarar 1907 da aka kafa Yerwa, a zamanin Shehu Abubakar Garbai, babu dogon yaro ko guda a wurin. Asalin itacen daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta ne, kuma a shekarar 1928, zamanin Shehu Sanda Kura, aka shigo da shi Nijeriya, aka fara gwada shi a Lardin Borno. Da aka ga ya karɓi ƙasar, yana jure fari, tushensa na tafiya can ƙasa neman laima, sai aka yi ta reno ana dasawa har ya bazu a duk Arewa.

Abin lura a nan shi ne irin kayan aikin da aka yi wannan gagarumin aiki da su. Babu katafila, babu tankar ruwa, babu injin ban-ruwa. Da diga da shebur da fartanya aka haƙa ramuka, da garwa da tulu aka yi ban-ruwa, da ƙaya aka yi wa kowane dashe shinge don kada awaki su cinye. A bayan lebura akwai malamin daji na En'e, wanda kan zaga a kan doki ko keke, a bayan malamin daji kuma akwai Dokar Daji ta 1937, da dagaci da mai unguwa waɗanda za a tambaya idan dashe ya mutu. Dogon yaro kuwa yana da wata baiwa, idan aka sare shi aka bar kututture sai ya sake tofo. Saboda haka ma'aikatan daji na wancan zamani suka riƙa kafa gandun itace kusa da garuruwa, suna raba shi gida-gida, suna saran kowane gida bayan kamar shekara 8, a sami itacen girki da azara, kututturen kuma ya sake fitowa. Wato dai tun a wancan lokaci an gane cewa garin da ke cin itace dole ne ya noma itace.

ZUWAN ZARTON INJI

Gatari yana da iyaka, domin ƙarfin damtsen mai shi ne ma'auninsa. Ƙatuwar tsamiya ko tsohuwar ƙirya takan ci wa mutum yini, wani lokaci ma fiye, don haka masu gatari sukan fi son busasshen itace da rassa da matsakaitan itatuwa irin su marke da farar ƙaya, su bar manyan a tsaye. Wannan iyaka ita ce zarton inji ya zo ya kawar. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera irin wannan zarto mai aiki da lantarki a shekarar 1926, sa'an nan mai aiki da fetur a 1929. Na farkon masu nauyi ne ƙwarai, sai mutum biyu ke riƙe su, amma daga shekarun 1950 aka sami wanda mutum guda ke ɗauka. A yau irin na kamfanin Stihl da na Husqvarna da kwaikwayonsu masu araha suna nan a kasuwannin ƙasar nan.

Yadda yake aiki ba wuya ba ne a gane. Ƙaramin inji ne mai shan fetur da aka gauraya da ɗan mai na musamman, a injunan zamani awo 50 na fetur ga awo 1 na mai. Injin na juya wata sarƙa mai haƙora a kewayen wani faffaɗan ƙarfe, sarƙar kuwa tana gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa guda. Itacen da ya shekara 60 yana girma, cikin 'yan mintoci sai ya kwanta. Har ila yau, da zarto ake iya yanka gungume guntu-guntu daidai lodin mota ko daidai ramin gawayi. Shi kuwa gawayi, yadda ake ƙona shi a gargajiyance ta hanyar rufe itace da ƙasa, kowane kilo guda yakan ci itacen da bai kasa ninkinsa biyar ba. Ke nan duk buhun gawayin da aka gani a bakin titi, akwai tarin itace a bayansa da ido bai gani ba.

Zarton kansa abu ne mai haɗari ga mai riƙe da shi. Idan bakin ƙarfen ya taɓa wani abu ba shiri, yakan yi tsalle ya komo wa mai aiki a fuska ko kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Ƙararsa kan kashe kunne a hankali, girgizarsa kan kashe jijiyoyin yatsu. Saboda wannan ne a ƙasashen da aikin daji ya kafu ba a barin mutum ya riƙe shi sai ya sami horo, kuma ya sa hular kwano, da tabarau, da abin toshe kunne, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, da wani wando mai zare a ciki wanda kan cushe sarƙar ya tsayar da ita idan ta taɓa ƙafa. A dazuzzukan ƙasar nan kuwa sau da yawa yaro ne da silifa da singileti, ga shi nesa da asibiti. Kuma galibi zarton ba nasa ba ne, na mai jari ne da ke zaune cikin gari. Talakan Dala har yanzu gatarinsa ne a hannu, sai dai shi ne kan tarar an riga an share dajin da yake dogara da shi.

MOTAR DA KE SHIGA INDA BA HANYA

Ko da an sare itace, in babu abin ɗauko shi, a daji zai ruɓe. A da jaki da raƙumi da amalanken shanu ke wannan aiki, kuma tafiyarsu ba ta wuce ta yini. Mota ita ce ta buɗe dajin nesa. Ƙasar Borno kuwa ba kowace mota ke iya ta ba. A wani wurin rairayi ne mai laushi da ke haɗiye taya da rani, a wani wurin kuma baƙar laka ce wadda mutanen Borno ke kira firgi, da rani ta dare kamar ƙasan tafki, da damina ta kama ƙafar mota kamar danƙo. Motar da injinta ke juya ƙafafunta huɗu gaba ɗaya, mai tsayi daga ƙasa, mai ƙaramar giya ta ja, ita ce ke ratsa irin wannan wuri. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1948, ita ce ta daɗe tana wannan aiki a hannun ma'aikatan daji da na dabbobi da na lafiya, kafin Land Cruiser da Hilux na kamfanin Toyota su karɓe fagen.

A shekarun 1970 da farkon 1980 ƙasar nan ma ta taɓa harhaɗa motocin aikin ƙarfi da kanta. An buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a shekarar 1975, aka yi ta fitar da akori-kura, an harhaɗa tarakta da manyan motoci na Steyr a Bauchi, an kuma harhaɗa Mercedes 911 a Inugu. Ragowar irin waɗannan motoci da 'yan gwanjon da suka biyo bayansu su ne kan ƙare rayuwarsu a jigilar itace. Direbobinsu kuwa gwanaye ne na gaske. Sun san a rage iskar taya kafin a shiga rairayi don ta baje ta hau kansa, sun san a tafi da shebur da jak da katako, sun san a ƙara wa sifirin ganye saboda lodi, sun san a riƙe jarkar ruwa saboda lagireto. Amma duk gwanintar direba, tsohuwar mota tsohuwa ce, kuma ranar da ta mutu a tsakiyar daji, mutanen da ke kanta sun shiga hannun Allah.

Abin takaicin shi ne, motar da ke kai mai sara cikin daji ita ce ma'aikacin daji ya fi kowa bukata, shi kuwa sau da yawa ba shi da ita. Mai tsaron gandun daji da ke tafe a ƙasa ba zai kamo mai Hilux ba, kuma mai renon dashe da ba shi da tankar ruwa ba zai raya itace a watan Afrilu na Maiduguri ba, lokacin da zafi kan haura awo 40. Injuna sun taru a wajen masu sara, an bar masu dashe da garwa irin ta 1928.

NISA DA HAƊARI

A wasu jihohin nisan daji magana ce ta tsadar itace kawai. A Borno magana ce ta rai. Tun da aka tayar da ƙayar baya a shekarar 2009, dazuzzukan da ke kewaye da Maiduguri suka zama fagen fama, har dajin Sambisa, wanda gandun namun daji ne tun zamanin Turawa, ya koma mafakar 'yan bindiga. A shekarar 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, daga baya aka haƙa rami aka kewaye gari, shiga da fita sai ta ƙofofin da sojoji ke tsaro. Jama'ar gari ta ninka saboda 'yan gudun hijira, kowane gida kuwa sai an hura wuta. Itacen da ke kusa da ramin ya ƙare tun da wuri, dole aka riƙa nausawa gaba.

Can gaban kuwa 'yan bindiga suna zargin masu saran itace da kai rahotonsu wurin soja. A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2017 aka buɗe wa masu itace wuta a ƙauyen Maiwa, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, rahotanni suka ce an kashe mutum 25, aka kuma ƙone motocinsu da lodin da ke kai. A watan Disamba na 2020 aka sace masu itace kimanin 40 a dajin Wulgo, kusa da Gamboru. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya fito a jarida saboda yawansu. Na mutum ɗaya ko biyu, da na matan da aka tare a hanya, da na wanda ya taka nakiya, sau da yawa a cikin unguwa yake tsayawa.

Kamar wannan bai isa ba, a watan Janairu na 2021 aka fasa turakun wutar lantarki da ke kawo wuta daga Damaturu, Maiduguri ta yi wata da watanni cikin duhu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin shatar mota ya tashi, ga kananzir da iskar gas sun riga sun fi ƙarfin talaka. Kuɗin mai da na gyaran mota da na masu lodi duk a kan ɗan kashin itacen nan suke sauka, mai biya kuwa ita ce uwar gida da ke gaban murhu. Ita ma idan itace ya gagare ta, sai ta aiki 'yarta daji. Wanda ya ce a kama masu saran itace a ɗaure su, ya kamata ya fara tambayar kansa da me aka dafa tuwon da ya ci jiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

ABIN DA AKA GWADA A BAYA

Maganar gusowar hamada tsohuwar magana ce. Tun a shekarun 1936 da 1937 wata tawagar ma'aikatan daji ta Ingila da Faransa ta zaga iyakar Nijeriya da Nijar don ta duba lamarin. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, su suka sa Gwamnatin Tarayya da jihohin Arewa suka tashi tsaye, aka kafa wuraren renon itatuwa, aka ja layukan dogon yaro da turare don tare iska, kamar waɗanda ake gani a ƙasar Dambatta. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman da doka a 2015, mai aiki a jihohi 11, ciki har da Borno da Yobe. Darasin da aka koya daga duk waɗannan shi ne dasawa ba ta da wuya, rayarwa ita ce aiki. Sau nawa aka yi bikin dashe da damina, manya suka zo da manyan riguna, aka ɗauki hoto, kafin bazara ba abin da ya rage sai ramuka?

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun nuna wata hanya. Daga shekarar 1983 a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, tushensu na nan da rai. Maimakon a sassabe tofon duka a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Suka kira abin sassaben zamani. Kayan aikinsa wuƙa ce da adda da gatari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, musamman gawo, a jihohin Maraɗi da Damagaram. Asirin abin shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, shi zai ci amfaninsa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a komo da daji kusa da gari. Filayen da ke bakin Maiduguri, ta wajen Dala da sauran gefuna inda ake da tsaro, ya kamata hukuma da masarauta su keɓe wasu tun kafin masu yankan fuloti su gama da su, a mai da su gandun itacen girki, a raba gida-gida, a riƙa sara bi da bi yadda aka yi a da. Masu saran itacen nan na Dala su ne suka fi cancanta a ɗauka aikin reno da tsaro, a kuma ba su rabo a cikin abin da aka sara, domin ba wanda ya fi su sanin itace.

Na biyu, a juya akalar injuna. Kowane gandu yana bukatar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tankar ruwa ko amalanken ruwa da tarakta ke ja, da waya ta shinge, da mota mai shiga daji ga ma'aikata, tare da kuɗin mai da na gyara a cikin kasafi, domin motar da ba a tanadar wa bakanike ba gawa ce ke jiran ranar binnewa. Zarton inji kuwa a yi masa rajista kamar yadda ake yi wa mota, a san mai shi, a horar da mai riƙe shi, a tilasta wa mai jari ya sayi kayan kariya. Yana da amfaninsa wajen rage rassan da suka hau wayar lantarki, da kawar da itacen da guguwa ta kayar, da girbin gandu idan lokacinsa ya yi. Tsamiya da gawo da aduwa da kuka da dakwara mai ba da ƙaro, waɗannan a haramta masa su.

Na uku, a rage cin itacen. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin wuta a iska. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wuraren gina murhun laka mai tsimin itace a Maiduguri da Jere da Konduga, inda mata ke yinsa da hannunsu. Irin wannan sana'a ya kamata a yaɗa ta unguwa-unguwa, a kuma taimaki gidajen burodi da makarantun kwana su koma ga murhun zamani ko iskar gas, tun da su ne ke cin manyan gungume. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki in an ba su dama.

Waɗanda suka dasa dogon yaron Yerwa sun san ba su ne za su fi shan inuwarsa ba, duk da haka suka ɗauki garwa suka yi ban-ruwa, kuma malamai sun sha faɗa cewa dasa itace sadaka ce mai gudana. Mutanen yau suna da injuna da motocin da waɗancan ba su taɓa mafarkin samu ba, saboda haka uzurinsu ya fi na waɗancan ƙaranci. Itacen da aka dasa a bakin Dala a daminar bana, aka raya shi, shi ne zai hana wani magidanci hawa akori-kura zuwa dajin da ba a san dawowa ba nan da shekara 8. Da safe ake kama fara. Allah Ya kawo zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya, Ya kuma kai masu neman halal gidajensu lafiya.